Layi ɗaya a takardar mako

Yau wata baiwar Allah mai ciwon damuwa ta dawo min da takardar ayyukanta ta mako, layi ɗaya kacal a ciki: "Talata, 10 na safe, na share tsakar gida. Jin daɗi 2, iyawa 4." Tana miƙowa tana ba da haƙuri. Magungunan ciwon damuwa kala biyu ta sha, kowanne sama da mako shida bisa ƙa'ida, ciwon ko gezau. Irin wannan, a zaman CBT, wato jinya ta hanyar tattaunawa don gyara tunani da ɗabi'a, ba a farawa da ja-in-ja da tunani. Wanda ya shekara yana cewa "ba ni da amfani", in ka musa masa ƙara riƙewa yake. Da aiki ake farawa, na minti goma, a sa masa rana da lokaci, a yi ko rai bai so, sannan a ba aikin makin jin daɗi da na iyawa, daga 0 zuwa 10. In aka lafta aiki da yawa mutum ya kasa, an ba shi sabuwar hujjar zargin kansa. Magani kuma ba a ajiye shi.

Kafin ta ɗauki tsintsiyar, sifili ta yi tsammanin samu. Wannan 4 ɗin ke ta dawo min a rai tun da rana.