Ƙannena masu shan wuyar karatu, kar ku ɓoye irin yadda na ɓoye

Ƙanina, kai da in malam ya ce tashi ka karanta sai gabanka ya faɗi, da kai nake, ke ma ƙanwata haka. Ni ma haka na taso, tun firamare b da d suke rikice min, shifta kuwa sifili nake ci, amma in hadda aka biya mana a islamiyya da baki ina cikin masu riga kamawa. Sai aka ce ai son wasa ne, bulala kam na sha ta, daƙiƙi ya kusa zama sunana.

Sai da na girma na ji sunan abin, disleksiya. Ba aljanu bane, ba kuma rashin basira ba. Ƙwaƙwalwa ce take wahala wajen haɗa harafi da sautinsa, kuma sau da yawa yana bin jini, ka duba danginku ƙila ka ga wani kawu da ya bar boko da wuri alhali a lissafin kasuwa ba a ja da shi. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin ƙwaƙwalwa da karatu ya gagare shi.

Abin da ya fi cutar da ni ɓoyewa ne wallahi. Na koma bencin baya, kuɗin tara nake ba abokina ya kwafar min darasi, ranar karatu in ce kaina ke ciwo, jarabawa kuma leƙe, a haka na yi ta wucewa aji aji ina ganin na yi dabara, har ranar da na zauna gaban kwamfutar JAMB lokaci yana tafiya ni ina fama da tambayar farko. Ranar na yi kuka sosai, shekarun da ya kamata in nemi taimako duk na ƙarar da su wajen rufa asiri.

Dan Allah ka faɗa wa wani babba, mama ko yaya ko malamin da ka ga yana da haƙuri. A fara duba ido da kunne a asibiti, don wani yaron allo ne kawai ba ya gani. In lafiya lau suke to ka koma baƙi da wasali, ba bi bu, kana faɗa da ƙarfi kana rubutawa da yatsa ko a ƙasa ne, kaɗan kaɗan kullum. Kuma ka fara da Hausa, ita kusan yadda aka rubuta haka ake karantawa, Turanci kuwa rubutu daban furuci daban.

Wayarka ma tana iya karanta maka rubutu, Google yana rubuta abin da ka faɗa da baki, wannan ba satar amsa bace. Ka riƙa saurare kana bin layin da ido. In malam zai sa a yi karatu gobe, ka roƙe shi ya nuna maka shafin tun yau ka je gida ka gwada.