Aikin kula da tsofaffi a Ingila da shugabannin da ke riƙe da bizarmu

Na iso Bradford a 2023 da bizar masu kula da tsofaffi da marasa lafiya, wadda gwamnatin Birtaniya ta buɗe wa masu irin wannan aiki a watan Fabrairun 2022. Sanyi da tsadar haya da magaribar da ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba duk na saba da su sannu a hankali, musamman da yake garin cike yake da masallatai da mahautan halal na 'yan asalin Pakistan. Abin da ya hana ni sakat shi ne halin shugabannin kamfanin da ya ɗauke ni.

Aikinmu bi gida-gida ne, mu yi wa tsoho wanka, mu ba shi magani da abinci, sannan mu wuce gaba. Manajarmu takan tsara jadawali ta yadda ziyara za ta ƙare ƙarfe tara, ta gaba kuma ta fara ƙarfe taran a wata unguwa mai nisa, alhali ba a biyan ko kwabo kan lokacin da muke ɓatawa a hanya, duk da cewa doka ta ƙidaya shi cikin lokacin aiki. Idan aka lissafa da shi, abin da ke shiga hannunmu yakan gaza mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma fam 11.44 a awa a watan Afrilun 2024. Duk wanda ya buɗe baki sai ya tarar an zaftare masa awanni a mako mai zuwa, a taron ma'aikata kuma a tuna mana wanda ya kawo mu ƙasar. Masu kamfanin ba sa leƙo mu sai sun ji ƙishin-ƙishin zuwan masu bincike na CQC, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kula da tsofaffi da marasa lafiya a Ingila.

Abokan aikinmu 'yan ƙasa sukan ajiye aikin su kama gabansu. Mu ba mu da wannan damar, domin bizarmu a ɗaure take da kamfanin, kuma wanda aka sallama kwana 60 kawai ake ba shi ya samo wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya tattara ya bar ƙasar. Mutumin da ya sayar da gona ko ya ci bashi kafin ya zo, ga iyaye a gida suna sauraron aike, ba zai iya ɗaga murya ba. Shugabannin sun san haka sarai, kuma a ganina wannan tsari ne ya ɗaure musu gindi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsofaffin da muke bari cikin gaggawa suna marmarin hira.

Na shiga ƙungiyar ƙwadago ta UNISON, wakilinta ya shawarce ni in riƙa rubuta kowace awa da kowace tafiya a littafi. Tun daga Yulin 2025 an daina ɗauko sababbin masu wannan aiki daga waje, amma mu da ke ciki muna da izinin sauya kamfani, kuma neman da nake yi ke nan yanzu a asirce.