Kafin ka kai ƙarfe wurin mai walda

Mai haɗa mota da hannunsa, jiki ne ke fara ɗauke masa hankali: fenti, fitilu, gilashi. Shasi kuwa, wanda injin da tayoyi da ran mutum duk a kansa suke, sai a bar wa mai walda ya yi yadda ya ga dama. Ni ma haka na yi, ƙannena.

Na ɗauka nauyin ƙarfe shi ne ƙarfinsa. Na kwaso manyan ƙarafa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, aka haɗa mini su kusurwa huɗu-huɗu kamar gadon ƙarfe. Mota ta yi nauyi, injin yana nishi, amma da taya ɗaya ta hau tudu sai ƙofa ta ƙi rufuwa. Shasin ya murɗe. Firam mai kusurwa huɗu yana karkacewa, mai kusurwa uku ba ya yi. Saboda haka duk inda ƙarfe huɗu suka zagaye fili, a gitta na biyar daga lungu zuwa lungu. Da siraran bututu da wannan dabarar injiniya Colin Chapman ya fitar da wata ƙaramar mota mai suna Lotus Seven a Ingila a 1957, kuma masu kwaikwayonta a gida yawanci da bututu mai faɗin milimita 25, kauri milimita 1.6, suke aiki.

Ba sai ka kashe ko sisi ba za ka gane wannan. Ka ƙera shasinka da kara, irin motar karan da muka yi muna yara, ka kama gaba da baya ka murɗa. Inda ya ba da kai, nan ne ƙarfenka zai ba da kai. Ka gitta sili, ka sake murɗawa.

Wurin walda ma na yi gaggawa. A ƙasa muka yi aikin, muka ƙone gefe ɗaya tas kafin ɗayan, zafi ya ja ƙarfen. Har aka rabu da motar nan tana cin taya ta gefe guda. Ku nemi teburi shimfiɗaɗɗe, ku ɗiga walda kaɗan-kaɗan, ku auna lungu da lungu a gicciye, sai awon biyu ya zo daidai sannan a cika. Rodin gini ba na shasi ba ne. Fayif ɗin ruwa mai farin rufi kuma hayaƙin waldarsa yana sa zazzaɓi.

Arha tana da iyaka. Kujera da fitila ku sayi na hannu, ba laifi. Amma mazaunin bel ɗin kujera a kan shasi yake, da farantin ƙarfe a bayansa, ba a kan falle ba. Sandar sitiyari ku ciro ta wata mota, mai lanƙwashewa idan an yi karo, kada ta soki ƙirji. Birki ya zama mai layi biyu, in ɗaya ya fashe ɗaya ya riƙe. Tankin mai kuma a raba shi da salansa da wurin zama, a sa fallen ƙarfe tsakani.