Yajin da na yi a kan takardar gwaji

Da ma'aikaciyar jinyar nan ta ƙara mini magana ɗaya tak a ranar, da ban yi yajin wata biyu ba, da kuma ba a kai ga yanka mini bakin mahaifa ba. Haka nake cewa duk lokacin da haushin ya motsa. Idan na huce kuma, na san kaso mafi tsoka na laifin nawa ne.

A farkon 2022 aka yi gwajin sankarar bakin mahaifa kyauta a wani asibiti kusa da mu a Kano. Lafiyata ƙalau, rakiya ma na yi wa maƙwabciyata, sai aka ce duk macen da ta kai shekara 30 ta shiga layi. Ina da 37 lokacin. Bayan mako biyu aka kira ni, an ga ƙwayar cutar HPV, wadda ke jawo wannan sankara. Aka shafa ruwan khal a bakin mahaifar, wani wuri ya yi fari. Sista ta ce ba sankara ba ce tukuna, amma hanyarta ce, in dawo ranar Talata a ƙone wurin da wata 'yar na'ura mai zafi, ko minti biyu ba a yi, ba tiyata ba kwanciya.

Na ce, "Sista, a ina na samo wannan abu?"

Tana rubutu, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ta saduwa ake ɗauka, Hajiya. Ta gaba ta shigo."

A cikin adaidaita sahu na yanke hukunci. Ni dai na san kaina. Alhaji kuwa duk wata yana Legas saro kaya, ga amaryar da ya kawo shekara biyu kafin nan, bazawara ce. Da daddare na tsare shi na ce ya faɗa mini tsakaninsa da Allah inda yake zuwa. Ya yi rantsuwa, ban saurara ba. Da safe, a tsakar gida, a gaban yara, na ce wa amarya ita ta kwaso mana cuta. Kalmar da na yi amfani da ita ba zan rubuta a nan ba. Na ɗauki mayafina na yi gidanmu.

Talatar nan ta same ni a ɗakin Inna ina kuka. Sau biyu aka kira daga asibiti, ban ɗaga ba. Inna ta ce ai sanyi ne, ta sa aka dafo mini sassaƙe, na sha na yi zama a ruwan bagaruwa, na gamsu cewa ina magani. Aka yi biko na koma, aka binne maganar, na binne takardar a ƙasan akwati. Ba ciwo ba ƙaiƙayi, to me zai tuna mini? Nan abin yake da mugunta, ba ya ciwo sai ya yi nisa.

Shekara ɗaya da wata biyar na ɗauka. Sai da na ga jini bayan kwanciyar aure har sau biyu, ba kuma lokacin al'ada ba, sannan na tono takardar.

Wannan karon wata likita dattijuwa na samu. Da na kwashe labarin yajin na faɗa mata, sai ta ajiye biro ta ce, "'Yata, wannan ne aurenki na farko?" Na ce a'a, an yi mini aure ina shekara 16, a 2001, da wani mai mata biyu, Allah ya yi masa rasuwa. Ta ce ƙwayar nan tana iya kwanciya a jikin mace shekara da shekaru ba a sani ba, kuma daga kamuwa zuwa sankara kan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Babu gwajin da zai nuna wa ya ba wa, ko yaushe. Yawancin mutanen da suka taɓa saduwa sun gamu da ita, galibi jiki ke kore ta da kansa cikin shekara biyu, sai a wasu ta maƙale. Ƙwayar iri-iri ce, lamba 16 da 18 su ne mugayen, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara.

Na ƙirga shekarun da yatsuna a ƙarƙashin hijabi. Wato mai yiwuwa ni ce na shigo gidan Alhaji da ita, tun kafin ya san akwai wata amarya a duniya. Wallahi gumi ya karyo mini a cikin ɗaki mai fanka.

Wurin kuma ya faɗaɗa, ya shige cikin ƙofar mahaifar inda 'yar na'urar zafin ba ta kaiwa. Dole aka yi mini allurar kashe zafi aka yanko shi da zoben waya mai lantarki, aka aika ɗakin bincike. Abin da a da za a yi mini kyauta, ya cinye mini kwasar adashe guda. Mako uku na yi ina jiran sakamako, abinci ba ya wucewa. Alhamdu lillahi, bai zama sankara ba.

Aka ce mako huɗu ba kwanciyar aure, ga ruwa yana ta zuba. Wa zan roƙa ta karɓi girkina? Matar da na yi wa ƙazafi. Na shiga ɗakinta na durƙusa. Ta ce, "Yaya, tashi, ya wuce." Ni dai har yau bai wuce mini ba.

Alhaji da ya ji bayanin ya ce to a ba shi nasa maganin. Likita ta ce babu maganin da ke kashe ƙwayar, ɓarnar da ta yi ake magancewa, kuma maza ma ba su tsira ba, tana jawo musu sankarar gaba, ta dubura da ta maƙogwaro, sai dai ba ta kai yawan tamu ba. A 2020 kaɗai mata kusan 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu.

Duk wadda ta zo mini da irin takardar nan yanzu, abu ɗaya nake faɗa mata: ki je ranar da aka ce ki je. In faɗan ne, ba ya gudu, ki yi shi bayan an ƙone wurin. Kuma kar ki fita daga ɗakin nan sai kin tambayi tun yaushe abin ke iya zama a jiki, ko da masu layi za su zage ki. Maganin sanyi kuwa, na sha tukunya ta fi ashirin, wurin girma ya yi.

A watan Oktoba na 2023 aka fara allurar rigakafin HPV kyauta ga yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14, Kano na cikin jihohin farko. Saƙonni suka cika WhatsApp wai ta hana haihuwa ce. Ni da na ga zoben wayar nan da idona, da sassafe na kai 'yata mai shekara 11, allura ɗaya a dantse muka dawo.

Amarya ma na lallaɓa ta ta je gwaji. Karatun bokonta bai yi nisa ba, don haka da takardar ta fito ni ta miƙo wa. Babu HPV a jikinta. A tsakar gidan nan na karanta mata, da ƙarfi, yadda yaran za su ji.