Yadda muka haska tsofaffin finafinan Nijar a ƙofar gida a Tawa

A fadarmu ta shan shayi nan Tawa, in aka zo hirar fim, daga na Kano sai na Indiya. Wata rana na ambaci Mustapha Alassane, mai shirya finafinai ɗan Nijar, samarin suka yi ta kallona. Mutumin da ya yi shekaru yana zaune cikin garin nan, yana riƙe da masaukin baƙi, yana zane-zanensa, har ya rasu a Wagadugu a 2015, amma yaranmu ba su san shi ba. Abin ya tsaya mini a rai, na ce sai na nuna musu aikinsa.

Na aro majigi wurin wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, muka ɗaure farin zane jikin bango, muka ajiye gurup kusa saboda kuran ba shi da alkawari. Bayan sallar isha'i muka shimfiɗa tabarmi. Zanen nan sai da muka danne bakinsa na ƙasa da duwatsu, don iskar Adar na kaɗa shi fuskokin 'yan wasa sai su karkace. Kuma na gane sauti ya fi hoto muhimmanci: mutane na haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma in ba su ji magana ba tashi suke yi.

Mun fara da gajeren fim ɗin Alassane na zane, Bon Voyage Sim na 1966, inda kwaɗo yake shugaban ƙasa yana tafiya ziyara. Yara suka yi ta dariya, manya kuwa suka gane inda aka dosa. Farawa da gajere shi ya zaunar da jama'a.

Sannan muka sa Le Retour d'un aventurier, shi ma na 1966. Wani ne ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Faransanci ya yi yawa a ciki, sai wani kawuna da ya yi zaman Yamai ya tsaya gefe yana fassarawa da Hausa, yana ƙara nasa gishirin. Da Zalika Souley ta fito da hular kaboyi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, tsayar da shi tukuna." Ya ba mu labarin irin zagin da matar nan ta sha a gari, don mutanen lokacin ba su raba ɗan wasa da rawar da ya taka. Ta rasu a 2021. A ganina ƙasar nan ba ta biya ta haƙƙinta ba. Daga nan ya gangara kan Oumarou Ganda, wanda fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, karon farko da aka ba da ita. Wani saurayi da ya sha zuwa CCOG, cibiyar al'adu mai sunan Oumarou Ganda a Yamai, ya ce shi bai taɓa tambayar mai sunan ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne matan gida. Innata ta ce, "Ku maza ne kuka san silima, mu rediyo muka sani." Ta kwatanta akwatinsu mai rigar fata, yadda ake shanya batir a rana don ya ƙara kwana, yadda kishiyoyi da yara ke kewaye shi in Muryar Sahel ta sa wasan kwaikwayo da Hausa. Ta ce tun ana kiranta Rediyo Nijar take saurare, kafin a sauya sunan a 1974. Da aka ambaci ɗan wasan kwaikwayon nan Yazi Dogo, tsofaffin suka kwashe da dariya tun ba a faɗi abin da ya yi ba.

Finafinan dai an same su, tunda an adana wasu. Wasannin rediyon nan kuwa, mu nan abin da ke hannunmu shi ne abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Shi ya sa yanzu in za mu haska, nakan fara gayyato dattawa in ba su kujerun gaba, in ajiye salula kusa da su tana ɗaukar murya. Innata ta yi alkawarin kawo ƙawayenta ranar Alhamis, ta ce akwai wadda ta haddace wasa guda tun daga farko har ƙarshe.