Godiyata ga mutanen Sukur da duk wanda ya tsaya mini

Assalamu alaikum. Yau kwana tara ke nan da aka dawo da ni Jos da ƙafar hagu a naɗe, sai yanzu na samu sukunin zama in yi godiya. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yafe mini, a kan dutsen nan sai ka hau wani tsauni kafin waya ta shiga.

Makonni uku muka yi a Sukur, can ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, kan duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru. Shi ne wuri na farko a Najeriya da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya, a 1999. Aikinmu shi ne auna tsoffin wuraren narka tama, da ɗaukar hoton katangun gidan Hidi, wato sarkinsu, ganin irin ƙone-ƙonen da 'yan Boko Haram suka yi a garin a 2014. Muna tsintar tsingaro da kashin maƙera, muna sa wa kowanne lamba a leda.

Ana saura kwana biyu mu tashi, muna gangarowa ta hanyar nan da kakanninsu suka shimfiɗe da duwatsu, yayyafi ya sauka, santsi ya kwashe ni. Na ji ƙas a idon sahu, daga nan ban sake takawa ba. Mota ba ta hawa wurin, babur ma ba ya hawa. Samari huɗu ne suka sari itace biyu, suka ɗaure zanen wata baiwar Allah a tsakani, suka saɓa ni a kafaɗa har gindin dutse, suna canjin hannu ba tare da sun dire ni ba. Da na miƙa musu ɗan abin da ke aljihuna, babbansu ya ture hannuna, ya ce baƙon Hidi ba ya biyan kuɗin dako. Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Godiya ta musamman ga dattijon maƙerin da ya yi mana jagora. Shi ya durƙusa a bakin rafi ya ɗebi baƙin yashi a tafin hannu, ya wanke shi a ƙwarya, ya nuna mini abin da ya kwanta a ƙasa, ya ce wannan ce tamar da ubansa ke zubawa a wuta ana zuga har ta zama ƙarfen fartanya. Na ce, "Baba, ai wannan ba ya cikin littattafan da na karanta." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, to rubuta." Shi ne kuma ya kama ƙafar ya ɗaure ta da kara kafin a kai ni asibiti. Likitan da ya duba hoton ƙashin a nan Jos ya ce tsagewa ce, kuma ɗaurin ya taimaka.

Gaskiya ni kunya ma nake ji. Sunayenmu ne za su hau kan rahoto, alhali gonakin nan hawa-hawa da aka tare da jeren duwatsu, duk damina sai ruwa ya zubar da wani ɓangare, kuma mutanen garin ne ke fitowa su mayar da kowane dutse mazauninsa, ba siminti ba albashi.

Ina gode wa ma'aikatan Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da suka ba mu izini, da abokan aikina da suka ƙarasa awon da na bari, da direban da ya lallaɓo da ni ta Mubi da Gombe da Bauchi yana kauce wa ramuka saboda ni. Maƙwabtanmu na Unguwar Rogo, kwanukanku sun cika ɗaki, a turo yara su karɓa.

Inna kuwa, wadda tun farko take cewa an tura ni karatu na ɓuge da tsintar fasassun tukwane, ita ce ke gasa mini ƙafar da ruwan zafi safe da yamma, tana faɗa tana addu'a. Allah ya ƙara miki lafiya, Inna.

Likita ya ce sai bayan makonni shida zan ajiye sanda. Takalmina na hagu yana can kan dutse, an aiko mini cewa dattijon ya rataye shi a maƙerarsa, ya ce ba zai ba kowa saƙonsa ba, sai na hau da ƙafata na karɓa.