TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 9): Ɗakin tsofaffin fayiloli

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan makon mun tsaya a inda aka cire ni daga ɓangaren walda aka maida ni ɓangaren gyara da bin kwastomomi, to yau daga nan zamu ɗora.

Ga wanda bai bi mu tun farko ba, kamfaninmu injin matse kaya yake ƙerawa, wato wanda ake zuba ma kwali ko robar ruwa ko gwangwani ya danne su ya fito da su dila guda ɗaure da waya. Akwai na tsaye wanda farantin ƙarfen da ke danne kayan ke saukowa daga sama, shi mutum ne ke zura wayar ya ɗaure da hannu, dilar kwali ta babbansa takan kai kilo 400 zuwa 500. Akwai kuma na kwance wanda bel ke ta zuba masa kaya shi kuma yana matsewa yana ɗaurewa da kansa. Amfaninsa ɗaya ne, kar ka biya kuɗin mota ka ɗauki iska, dan kwalin da ba a matse ba zai cika tirela amma nauyin ba komai.

A sabon ɓangaren ne aka haɗa ni da wani dattijo da kowa ke ce ma Baba, har manaja haka yake kiransa. Ranar farko bai bani sifana ba, biro ya miƙo min da takarda yace ɗana lissafa min, silinda mai faɗin santimita 20 famfo na tura mai cikinsa da matsin bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), ƙarfin nawa ne a kan faranti. Na yi ta kame-kame har ya gaji ya karɓa ya buga da kansa, kusan tan 64. Yace to ka riƙe wannan lambar duk lokacin da hannunka ya yi ƙaiƙayin shiga cikin akwatin injin. Daga bakinsa na fara jin sunan Joseph Bramah, Baturen Ingila da ya yi rajistar injin matsi na haidirolik a 1795, a kan ƙa'idar masanin kimiyya Pascal cewa in ka danna ruwan da ke rufe ƙarfin na isa ko'ina daidai. Wai duk abin da muke yi ƙari ne kawai a kan wannan.

Shi wanda ya kafa kamfanin ban riske shi ba. Baba yace makanike ne mai gyaran injin ɗaure ciyawa, irin wanda kamfanin New Holland suka fara sayarwa a 1940 mai ɗaure dila da kansa, daga baya ya lura masu takarda ma matsalarsu kenan sai ya juya can. Hotonsa na nan a risefshan kusa da wani allo mai firem da aka jera kalmomi, inganci, amana, kaza kaza. Ni dai ban taɓa ganin ma'aikaci ya tsaya karanta allon nan ba, kuma ina zargin 'yan talla ne suka rubuta.

Abin da mutumin ya bari na gaske yana wani ɗaki a baya mai warin tsohuwar takarda. Duk injin da ya taɓa fita daga ƙofar kamfanin yana da lamba a buge a jikin ɗan farantin ƙarfe, kuma kowace lamba da fayil ɗinta, zanen hannu da fensir, girman silinda, irin bawul ɗin da aka sa, har wanda ya yi waldar. Wata rana wani kwastoma ya bugo waya injinsa na yoyon mai kuma farantin ya fara karkata, da ya karanto lambar sai ga shi injin ya girme ni. Wani yaron ɓangaren saye da sayarwa har ya fara murna zai tura masa farashin sabo, Baba ko kallonsa bai yi ba ya shiga ɗakin ya zaro fayil, ya hura ƙurar, ya kai zanen wajen mai injin yankan ƙarfe aka yanko sababbin layukan da farantin ke zamewa a kai, muka haɗa da robobin silinda muka je muka ɗaura. Injin ya tashi. A mota nace Baba ai da mun sayar masa da sabo kamfani ya fi samu, yace ɗana wanda ka gyara ma tsoho ranar da zai sayi sabo ba zai tambayi kowa ba.

Inda ba ya wasa ko kaɗan shi ne makunnin ƙofa, ɗan abin nan da ke hana injin motsi muddin ƙofa na buɗe. Mun taɓa zuwa wani wuri muka tarar sun haɗe shi da guntun waya wai yana rage musu sauri, wlh Baba rufe akwatin kayan aikinsa ya yi yace ba zai taɓa injin ba sai an cire a gabansa, mai wurin na ta faɗa yana cewa zai kira oganmu, yace bismillah ga lambar. Ogan ma bayansa ya bi. Kuma kafin kowa ya leƙa ciki sai an kashe wuta, kowa ya maƙala kwaɗonsa a jikin suwic ɗin, makullin kuma na aljihunsa, sannan a sauke matsin da ya rage a layin mai a tokare farantin, dan kashe wuta kaɗai baya hana shi saukowa. A Amurka ma doka ta hana wanda bai kai shekara 18 ba sarrafa irin wannan injin.

Ba wai komai na tsarin ya burge ni ba fa. Muna da nawa, abin da wasu zasu turo maka cikin sati mu sai an auna an sake aunawa, ƙarfenmu mai kauri ne dan haka injinmu da tsada, kuma ina gani da idona kwastomomi na tafiya wajen masu araha. Fayilolin nan ma an daɗe ana rigima kafin Baba ya yarda a sa su a kwamfuta, da sharaɗin ba za a yar da takarda ko ɗaya ba.

Ana cikin haka 2018 ta shigo, China ta rufe ƙofa ga nau'o'in shara 24 da ake kai mata daga ƙasashen waje ta kuma ce dattin da ke cikin dila kar ya wuce kashi 0.5 cikin ɗari, wayar ofis ɗinmu ta dinga ƙara ba dare ba rana. Yadda muka kwashe da wannan, da kuma tafiyar farko da aka tura ni ni kaɗai ba Baba, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.